Agogon Yaron Sandamu

A Sandamu, cikin ƙasar Daura, akwai wani yaro ɗan aji shida mai son ƙere-ƙere. Tun yana ƙarami ya kan yi mota da kara, ya yi jirgi da gwangwani. Wata rana wani attajirin garin ya komo daga aikin Hajji, mutane suka tafi yi masa barka da sauka, yaron nan kuwa ya bi ubansa. Da Alhaji ya miƙa hannu domin gaisawa, sai yaron ya hangi wani agogo a wuyan hannunsa, fuskarsa baƙa wuluk, gefensa yana ƙyalli. Aka gama gaisuwa, aka ci dabino, aka sha ruwan Zamzam, shi dai yaro idonsa bai bar agogon nan ba.

Da suka koma gida ya ɗauko littafinsa da fensir, ya zana agogon kamar yadda ya gan shi. Ya tambayi ubansa kuɗinsa. Uban ya yi dariya ya ce, “Ko mun sayar da geronmu na bana duka, ba za mu sayi irinsa ba.” Yaro ya ce, “To, Baba, ni zan yi nawa.”

Ya tara kuɗin kalar gyaɗa. Ranar kasuwa ya tafi Daura wurin wani dattijo mai gyaran agogo, ya durƙusa ya gaishe shi, ya nuna masa zanen. Dattijon ya ce, “Yaro, injin agogo ya fi ƙarfinka yanzu, amma gidansa bai fi ƙarfinka ba.” Ya sayar masa da injin wani tsohon agogo mai batir wanda gidansa ya lalace, ya haɗa masa da gilashi, ya nuna masa yadda a ke cire hannuwan agogo da hantsaki ba tare da sun tanƙware ba. Daga nan yaro ya tafi wurin maƙerin fari, suka yanko tagulla, ya zauna yana gurza da magagari har hannunsa ya yi kanta. Baduku ya yanka masa maɗauri na jar fata. Fuskar agogon kuwa shi ya shafa mata baƙin fenti, ya ɗiga lambobi goma sha biyu da tsinke. Sau huɗu yana ɓata fuskar yana sakewa. Bayan wata uku agogo ya tashi. Ya fi na Alhaji kauri, gefensa ɗaya ya ɗan karkace, amma yana tafiya daidai.

Da labari ya bazu, mutum biyu suka yi magana. Kawunsa ya ce, “Wannan wahalar banza ce. Agogon roba ga shi nan jibge a kasuwa, kuma kowa yana duba lokaci a wayarsa.” Wani ɗan tireda kuma ya jawo shi gefe ya ce, “Samari, ka yi ƙoƙari. Ka rubuta Rolex a fuskarsa, ni zan sayar maka da shi da tsada.”

To, yara, a kan maganar mutanen nan biyu na ke so mu tsaya yau. Ni a ganina dukansu sun yi kuskure. Yaron ya kyauta da ya kwaikwayi agogon Alhaji, amma da ya bi shawarar ɗan tireda da ya ɓata aikinsa duka. Bari in gaya muku dalili.

Mu fara da maganar kawu. Gaskiya ne agogo ya yi araha a zamanin nan. Amma ribar yaron ba ta tsaya ga agogon da ya ɗaura ba. Cikin wata ukun nan ya koyi awo, gama in gidan agogo ya fi injinsa faɗi ko da kaurin gashi kaɗan ne, injin zai riƙa girgiza a ciki. Ya koyi raba da'ira kashi goma sha biyu daidai wa daida, abin da malaminsa ya sha koya musu a allo bai gane ba sai yanzu. Ya koyi riƙe magagari da hantsaki. Ya koyi haƙuri, domin wanda ya ɓata aiki sau huɗu ya sake na biyar ya san abin da a ke nufi da sannu ba ta hana zuwa. Ba a sayar da ko ɗaya daga cikin waɗannan a kasuwa. Kuma hannun da ya iya zaunar da hannun agogo, gobe shi zai iya gyaran waya, da injin ban ruwa, da keken ɗinki.

Har wa yau, yaron ya koyi yadda agogo ya ke aiki, abin da galibin masu ɗaura shi ba su sani ba. Agogon hannu iri biyu ne. Na farko shi ne wanda a ke murɗa wa kai, watau a yi masa wani. A cikinsa akwai sifirin, wani siririn ƙarfe ne naɗaɗɗe kamar gammo. In an murɗa sai ya ƙanƙance, sa'an nan ya riƙa warwarewa sannu a hankali yana tura waɗansu 'yan fayafayai masu haƙora, kowanne yana tura na kusa da shi, har su juya hannuwan. Akwai kuma wani ɗan faifai mai kai da komowa, yana bugawa sau biyar ko shida ko takwas a cikin sakan ɗaya, shi ne ya ke hana sifirin warwarewa gaba ɗaya. Motsinsa ne ku ke ji yana cewa cak, cak, cak. Irin wannan agogo ya kan ƙunshi 'yan ƙananan ƙarafa fiye da ɗari, waɗansu ba su kai ƙwayar gero ba. Na biyu shi ne mai batir. A cikinsa akwai ɗan ƙanƙanen dutse mai kama da ƙanƙara, ana ce da shi kwaz. In lantarki ya ratsa shi sai ya yi karkarwa sau 32,768 a cikin sakan ɗaya, wata 'yar na'ura tana ƙirgawa, in ya cika sai ta tura hannun sakan taki ɗaya.

Ga wani abin mamaki. Agogon batir mai araha ya kan fi agogon wani mai tsada riƙe lokaci daidai. Tsadar na Alhaji ta zo ne daga kyan ƙarfensa, da wuyar aikinsa, da sunan waɗanda suka yi shi. Saboda haka kada yaro ya raina agogonsa don bai yi tsada ba. Aikin agogo shi ne ya faɗi gaskiyar lokaci. Ku lissafa da kanku: agogon da ya ke lattin minti ɗaya kowace rana, cikin kwana 30 ya yi lattin rabin awa. Mai shi zai rasa sallar jam'i, ya rasa mota, ya sha bulalar makara, ko da kuwa agogon na zinariya ne.

Wani zai ce, “Ai yaron kwaikwayo kawai ya yi, ba shi ya ƙago ba.” Haka ne. Amma ku gaya mini wace sana'a ce a ke koya ba da kwaikwayo ba. Ɗan maƙeri yana kallon ubansa ne yana bugun ƙarfe kafin ya ɗauki masaba. Almajiri yana kwaikwayon rubutun malaminsa a allo kafin hannunsa ya faɗa. Yarinya tana kallon uwarta tana tuƙa tuwo kafin a ba ta muciya. Manyan gwanayen agogo na duniya ma ta wannan hanya suka bi. Ga labarin uku daga cikinsu.

Na farko sunansa John Harrison, mutumin Ingila. An haife shi a 1693, ubansa kafinta ne, shi ma kafinta ya tashi. Ba a sa shi makarantar koyon agogo ba. A 1713, yana ɗan shekara 20, ya yi agogonsa na farko, fayafayan cikinsa na itace. A zamaninsa jiragen ruwa su kan ɓace a teku su farfashe, gama matuƙa suna bukatar agogo mai gaskiya kafin su lissafa inda su ke, agogon lokacin kuwa ba ya jure girgizar jirgi. Harrison ya shekara da shekaru yana gwaji. A 1759 ya gama wani agogo wanda aka tafi da shi a jirgi daga Ingila zuwa tsibirin Jamaika a 1761. Bayan kwana 81 aka duba, aka tarar kuskurensa bai wuce kamar sakan biyar ba. Har yau agogon nan yana ajiye a Greenwich, cikin birnin Landan, mutane suna zuwa kallo.

Na biyu baƙar fata ne kamarmu, sunansa Benjamin Banneker. An haife shi a 1731 a Maryland, cikin ƙasar da a ke kira Amurka yanzu, a zamanin da galibin baƙaƙen can bayi ne, ko da ya ke shi ɗa ne. Manomi ne, karatunsa na makaranta kaɗan ne. Ana ba da labari cewa ya ari agogon aljihu, ya duba cikinsa da kyau, ya zana fayafayansa, ya lissafa haƙoransu, sa'an nan ya sassaƙa manyansu da itace. Wajen 1753 ya gama agogo mai buga ƙararrawa kowace awa, agogon kuwa ya yi ta aiki har Banneker ya rasu a 1806. Lissafin da ya fara da haƙoran agogo shi ya kai shi ga lissafin taurari, har ya riƙa buga littafin kalanda na shekara-shekara tun daga 1792. Kun ga ke nan, abin da yaron Sandamu ya yi da agogon Alhaji, wani ya riga shi yi da shekara fiye da 250.

Na uku mutumin Japan ne, Kintaro Hattori. A 1881, yana ɗan shekara 21, ya buɗe ɗan kanti a Tokyo yana sayar da agogon ƙasashen waje yana kuma gyara su, kamar dai dattijon nan na kasuwar Daura. A 1892 ya kafa masana'anta ya fara yin agogon bango. A 1913 masana'antarsa ta yi agogon hannu na farko a Japan. Ita ce a ka sani yau da sunan Seiko, kuma ita ce ta fara fitar da agogon hannu mai kwaz kasuwa a 1969. Mai gyara ne ya zama mai ƙira, har Turawan da ya koya daga wurinsu suka dawo suna duba aikin gidansa.

Ko kamfanin Rolex ɗin da ɗan tireda ya ambata, da ƙanƙane ya fara. Wani Bajamushe mai suna Hans Wilsdorf ya kafa shi a Landan a 1905. Da fari ba ya yin injin agogo da kansa. Daga ƙasar Suwizalan ya ke sayo injuna, a sa su cikin gidajen da waɗansu suka ƙera. Bayan yaƙin duniya na farko ne ya ƙaura zuwa birnin Jeniba. Ashe ba abin kunya ba ne yaronmu ya fara da injin da wani ya yi. Daga gida a ke farawa, sa'an nan a shiga ciki.

Yanzu mu zo ga maganar ɗan tireda, ita ce ta fi hatsari, domin da zaƙi ta zo. Mutanen nan uku da na ba ku labari duk sun kwaikwayi aikin waɗansu, amma ba wanda ya rubuta sunan wani a kan aikinsa. Da Hattori ya riƙa rubuta sunan Turawa a kan agogonsa, da yau ba wanda ya san Seiko.

Rubuta sunan wani a kan aikinka laifi uku ne a haɗe. Na ɗaya, ka cuci mai saye, gama ya ba da kuɗinsa ne domin abin da ba shi ka ba shi ba. Wannan algus ne, daidai da zuba ruwa a nono ko tsakuwa a hatsi. Addini ya hana, dokar ƙasa ma ta hana. Na biyu, ka cuci mai sunan, wanda ya shekara fiye da 100 yana gina shi. In agogonka ya tsaya, shi za a zaga. Na uku, kuma wannan ne mutane ba su cika lura da shi ba, ka cuci kanka. In agogon ya yi kyau, wa za a yaba? Mai sunan. Kai da ka yi kanta a hannu ba wanda zai san da kai. Ka zama kamar wanda ya noma gonarsa ya kai amfanin rumbun maƙwabci. In kuwa asiri ya tonu, kuma lalle zai tonu domin ramin ƙarya ƙurarre ne, ba wanda zai ƙara amincewa da aikinka, ko da na gaskiya ka kawo.

Akwai kuma abin da jabu ya ke yi wa hannun mai sana'a. Mai yin jabu ba ya damuwa da ciki, fuska kawai ya ke gyarawa, domin fuskar ce ta ke ruɗin mai saye. Shekara goma zai yi yana wannan aiki bai ƙaru da kome ba. Mai sa sunansa kuwa dole ya gyara ciki, domin ya san in agogo ya tsaya ƙofar gidansa za a zo. Tsoron kunyar nan shi ke mai da almajiri gwani.

Na san wani zai ce, “Malam, wa zai sayi agogon da aka rubuta wa Sandamu?” Watakila da fari ba mai saye sai kawunsa, don tausayi. Amma kowane suna da ku ka sani, akwai ranar da ba wanda ya san shi. Mutane suna neman turaren wuta na Barno, da baƙin rini na Kano, da jar fatar Sakkwato, domin waɗansu sun daɗe suna aiki mai kyau da sunan garinsu. Ku tuna da labarin da kowane ɗan ƙasar Daura ya sani. Kafin Bayajidda ya iso rijiyar Kusugu, sai da ya biya ta Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa. Har yau in ana ba da labarin sai an ambaci maƙeran Gaya. Aikinsu ne ya ajiye musu suna.

Kada kuma ku zaci sanin lokaci baƙo ne a wurinmu. Kafin agogo ya zo, kakanninmu suna auna lokaci da inuwa da taurari da carar zakara. Ladan ya kan duba inuwa ya san azahar ta yi ko la'asar. Matafiyi ya kan duba Gamzaki ya san asuba ta gabato. Suna da sunan kowane yanki na yini: asuba, hantsi, walaha, tsakar rana, azahar, la'asar, magariba, lisha. Da agogo ya zo, muka ari sunansa daga Yarabawa, a wurinsu kalmar tana nufin ƙararrawa. Mu kan ce ƙarfe biyu ko ƙarfe uku domin ƙarfen da a kan buga a sanar da awa. Mun ari suna, mun daɗe muna sayen abin. Saura mu iya yinsa.

To, in wani daga cikinku yana so ya gwada, ga shawarata. Kada ka kwance agogon ubanka ko na yayanka ba da izini ba. Nemi mataccen agogo wanda aka jefar, ko ka roƙi mai gyara ya ba ka. Shimfiɗa farin ƙyalle kafin ka fara, domin in ɗan ƙarfe ya faɗi cikin rairayi ya tafi ke nan. Duk abin da ka cire, ka zana shi a littafi, ka jera su bi da bi yadda ka cire su, domin ka san yadda za ka mayar. Ka yi hankali da ɗan batir ɗin nan mai kama da maɓalli, kada ka sa shi a baki, kada kuma ka bar shi inda ƙanenka zai ɗauka, gama in yaro ya haɗiye shi yana ƙona maƙogwaro, sai an garzaya asibiti nan da nan. Ka girmama masu sana'a, ka gaishe su, ka yi musu aike, za su nuna maka abin da ba a rubuta a littafi ba. Kada kuma ka bar karatu saboda ƙira. Harrison da Banneker duk da lissafi suka ci nasara. Wanda bai iya raba 60 gida 12 ba, ba zai iya zana fuskar agogo ba.

Ga yadda labarin yaron ya ƙare. Ya kwana yana tunanin maganar ɗan tireda, gama kuɗin da aka ambata masa ba kaɗan ba ne, ga shi kuwa takalminsa ya tsinke. Da gari ya waye ya ɗauki tsinke da farin fenti, ya rubuta harafin farko na sunansa a fuskar agogon, a ƙarƙashi ya rubuta Sandamu. Ranar kasuwa ya kai wa dattijon nan na Daura. Dattijo ya sa gilashinsa a ido, ya juya agogon gaba da baya, ya gwada shi da nasa, sa'an nan ya ce, “Gefen nan ya karkace, na gaba ka gyara. In an ba ku hutu ka zo ka zauna kusa da ni, in nuna maka cikin mai wani.” Yaro ya komo gida da tsinkakken takalminsa, amma ya sami malami.

Hausawa sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ku kalli aikin gwanaye da kyau, ku kwaikwaya iyakar ƙoƙarinku, sa'an nan ku sa sunanku a kan abin da hannunku ya yi, ko da gefensa ya karkace. Allah ya yi muku albarka.

Tambayoyi

1. Waɗanne masu sana'a uku ne suka taimaki yaron, kuma me kowannensu ya yi masa?
2. Mene ne bambancin agogon wani da agogon batir?
3. Wa a ke cuta in an rubuta sunan wani a kan aikin da ba nasa ba?
4. In agogo yana lattin minti 2 kowace rana, lattin minti nawa zai yi cikin kwana 15?
5. Rubuta jimla biyar a kan wata sana'a ta garinku da ka ke so ka koya, ka faɗi dalili.